Kwanon Awon Birni

Shekara bakwai Baiwa tana turara shinkafa a Argungu, wani ɗan kasuwa, Dankure, yana kwashewa. Kullum zancensa ɗaya: kuɗin Birnin Kebbi yake ba ta, ko sisi bai rage ba. Ita kuwa ba ta san kasuwar birni ba, sai ta yarda.

Shekarar da aka yi jihar Kebbi, ma'aikata suka cika birni, 'yarta Hamida ta haihu a unguwar Nasarawa, can birni, Baiwa ta je mata. Ana gobe suna shinkafa ta kasa, Baiwa ta shiga kasuwa sayo ciko. A rumfa ta biyu ta ga buhu da ɗinkin jan zare. Ɗinkinta ne.

"Kwano nawa na?"

"Naira sha biyu, Inna."

To, Dankure bai yi ƙarya ba, haka yake biyanta. Amma da mai awo ya ɗago kwanon, sai ranta ya ɓaci. Wani ɗan tsurut ne, an ma bubbuge gindinsa ciki. Na Dankure kuwa, jariri ma sai ya yi wanka a ciki. Ta sayi shinkafar, ta sayi kwanon ma, mai awo yana ta dariya.

Bayan ta koma Argungu, ranar da Dankure ya zo, ta bar shi ya shimfiɗa buhu, ya zaro ƙaton kwanonsa, sannan ta dire nata.

"Tunda kuɗɗin birni kaka ba ni, auna da kwanon birni."

"Haba Inna, kowace kasuwa da awonta. Ga kuɗɗin mota, ga 'yan dako."

"Cire na mota, cire na dako, in gani da idona. Amma wanga kwano naka ya gama cin gumina."

Ya naɗe buhunsa. "In na tahi, wa za ya saye? Buhu shidda na hwa."

Gaskiya ba ta da wani mai saye, kuma abincin gidan kaf yana cikin buhunan nan. Ta dai gyara zama.

"Motar da ka kai ka birni ba ta ƙi tsohuwa ba."

Ya fita ko sallama babu. Tana zaune tana kallon buhunan, sai maƙwabciyarta Sadatu ta leƙo ta katanga, ashe duk ta ji.

"Baiwa, ara min kwanon. Gidana ya nuhwa."