Ƙasa Ba Ta Hau Soro Ba

Ni Hajo ta Yammedi ba na kai ƙara a kan banza. Randata aka fasa, wadda tun ina amarya nake shan ruwanta mai sanyi, kuma Halliru ɗan ƙanena ne ya yi aikin.

Tun da ya gama makarantar Midil a Kano, Turawa suka sa shi koyarwa a Elementare ta Karaye, yaron nan ba ya yarda da magana sai ya gwada. Ran nan da hantsi ya hau soron zaurena, ɗan dutsen niƙana a hannu ɗaya, goruba a ɗayan, wai zai ga wanda zai riga sauka. Ya sake su. Randa kuwa tana ƙasa a inuwa.

Na ja shi har gaban Dagaci Gwadabe.

"Ranka ya daɗe, ni sakinsu kawai na yi," in ji Halliru. "Ƙasa ce ta jawo dutsen. Komai tana jan sa."

Na ce, "Da wace igiya? Nuna min, ɗan nema!"

"Ba a ganin abin, Gwaggo, amma yana nan. Babba da ƙarami tare yake sauko da su."

"Ƙarya! Nauyin dutse ne ya kawo shi, ya bar goruba a baya. Ka ga saukarsu da idonka?"

"A'a, ihunki ya ɗauke min hankali."

Dagaci yana danne dariya ya ce a kawar da tukwane a sake gwadawa. Halliru ya hau soron Dagaci, ni na tsuguna na zura ido. Tim! Ƙara ɗaya. Na ce wayo ya yi min, gorubar ya fara saki. Aka ba Ilu maƙeri, wanda bai san boko ba, ya hau ya saki. Haka dai. Sai na gyara ɗamara na hau tsanin da kaina, mata na ta shewa. Wallahi tare suka sauka.

Na sauko ina haki na ce, "Na yarda, akwai abin da ke ja, ko ban gan shi ba. To ranka ya daɗe, ƙasar ce ta hau soro da dutsena?"

Dagaci ya ce Halliru ya je kasuwar Rogo ya ɗauko min sabuwar randa, a ka, ban da jaki.

Ranar kasuwa ina biye da shi har gida. Da zarar ya yi tuntuɓe sai in ce, "A hankali, Malam! Tana nan fa tana ja!"

Randa ta iso lafiya, ko da yake ruwanta bai kai na waccan sanyi ba tukuna. Ɗan dutsen niƙa kuwa yanzu a ƙarƙashin gadona yake kwana.