Layi a Wuyan Inna

Badamasi ya shigo gida da ƙurar dutse har cikin girarsa, ransa a ɓace tun daga shagonsa na unguwar Sultana. Tattabarar da ya sassaƙa da baƙin dutse, wani mai otal ya zo ya dube ta sama da ƙasa, ya yaba, sannan ya ce a sare mata kai kafin ya ɗauka. Ya sare ɗin, don akwai iyali. Mutanen garin nan suna son aikin hannunsa, amma sai an yanka musu shi tukuna kamar kaza.

Warin fetur ne ya tare shi a ƙofar ɗakin zanensa. Yayansa Ja'afaru na tsugune a ciki da tsumma a hannu, babban mutum da furfurarsa, sai zufa yake yi.

A gabansa hoton mahaifiyarsu ne, wanda Badamasi ya zana bayan rasuwarta. Inna ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba, ko a katin iyali sunanta kawai aka rubuta. Daga cikin kansa ya tono fuskar nan, yana yi yana gogewa, sai shekaranjiya ya ajiye burushi, fentin ma bai bushe ba. Yanzu goshi da idanu kaɗai suka rage. Daga hanci zuwa wuya duk ya zama taɓo.

"Yaya, me ka yi?"

"Layi na ja mata a wuya, ya akhi, ɗan'uwana, irin wanda ake ja wa hotunan littafin makaranta, don kada a ce mai rai ne. Ka san mala'iku ba sa shiga gidan da..."

"Wannan ne layi?"

Ja'afaru ya sunkuyar da kai. "Da na ja, sai na ga ai Inna ce. Kamar na yanka ta. Wallahi kasa fita na yi. Shi ne na ɗebo banzin a mota in goge."

"Fetur a kan ɗanyen fenti! Da za ka ja ba ka tambaye ni ba, da za ka goge ba ka tambaye ni ba. A waje a sare min, a gida ma a sare min? Wa ya kira ka ɗakin nan?"

"Halas, shi ke nan, yi haƙuri. Ai sai ka sake... a'a, astagfirullah, ni ban ce ka zana ba."

Wannan maganar ta fi fetur ɗin ƙona masa rai. A sake, wai, kamar shara aka ce a sake. Ya rufe ido yana neman bakin Inna. Muryarta ta zo, har faɗan da take musu in sun makara sallah, amma bakin ya ƙi zuwa. Tun da ya sauke fuskar a kan ƙyallen zane, kansa ya sake ta. Tsoro ya kama shi, na gaske.

Ya buɗe ido da niyyar korar yayansa, ko me dangi za su ce. Ja'afaru ya tura leɓen ƙasa, ya karkatar da baki gefe guda yana danne kuka. Badamasi ya tsaya cak. Haka Inna take yi, sak.

"Zauna a kujerar can. Juyo wajen taga."

"Me za ka yi?"

"Bakinta ne da kai. Kai ka goge, kai za ka mayar."

"Ni za ka zana? A'uzu billahi! Badamasi, ka ji tsoron Allah!"

Badamasi ya shiga matsa fenti a faranti. Ja'afaru ya dubi ƙofa, ya dubi idanun nan da suka rage a ƙyallen. Ya ajiye tsumman, ya ja kujera ya zauna.

"To idan aka kira La'asar fa?"

"Rufe bakin, Yaya. A rufe nake son shi."