Babban Baƙi Don Hirudus

…kuma sai ya sake ƙwanƙwasawa. Sau biyu, da sauri. Shafiƙ na karanta Turancin da ƙarfi daga takardar masu fassara, Nuhad na bin layi da fensir a kan shafin gwajin da ya fito daga inji. Haka ake aikin gyara a maɗaba'ar nan tun kafin yaƙi ya raba Bairut biyu: mai karatu ba ya tsayawa ya ce ga babban baƙi, tebur yake bugawa. Ɗaya ga suna ko farkon jimla, biyu ga sarauta. Sarki Hirudus — ƙwas-ƙwas. Idonta na kan shafi. Hannunta na hagu kuwa yana ƙarƙashin gyale, a kan wuƙar yankan takarda da ta wasa da safe.

Ina ake sokawa? Ƙasan haƙarƙari? Rigar sanyinsa na da kauri… Wuya, to. Ga jijiyar nan tana rawa duk sa'ad da ya furta sunan wani sarki. Tebur ɗin ba shi da faɗi. Miƙewa ɗaya ce.

Yau ya dawo aiki. Yau! Ya shigo da sunkuyayyen kai, "Allah ya ba da haƙuri, Maman Nadim," ya ja kujerar Tanyus ya zauna. Kujerar mijinta. Har da gyara zama.

Sarki Dawuda — ƙwas-ƙwas.

Kwamitin fassara ne ya yanke. Tsofaffi a ɗaki mai labule a can ƙetaren teku, sun duba bugun farko sun ga ɓarna: nan sarki da babban baƙi, can da ƙarami, har a shafi ɗaya. Suka ce a daidaita, duk sarautar da ta jingina da suna a ɗaga mata kai, daga farkon Littafi Mai Tsarki har ƙarshensa. Dawuda, Sulemanu, Ahab, kowa da kowa. Limamin coci, Abuna Sim'an, ya kawo umarnin yana share gumi, Tanyus ya yi dariya har ya ƙware da gahawa. "Abuna, wato Hirudus mai yanka jarirai da Mai sama hula ɗaya za mu ɗinka musu? Larabcinmu ya fi su hankali, baƙaƙenmu duk kafaɗa ɗaya." "Ka buga tebur kawai, ɗana, ba kai ka naɗa shi ba." Ya buga. Amma in an zo kan Hirudus da ɗan ƙaramin yatsa yake yi, yana kashe mata ido…

Fensir ya karye. Ta ɗauki wani.

Ba ka iya yin shiru ba, Tanyus. Ba ka taɓa iyawa ba. Yaron nan mai sayar da taya da ya tara 'yan bindiga ya kafa shinge a bakin titi, ya ce shi ne Sarkin Unguwa — me zai rage ka da shi in ka buga masa hotonsa? Takarda ce. Tawada ce. Sai ka ce masa injinka na da aiki, sarakunan gaske ma layi suke bi. A gaban yaransa! Wawa. Wawana… Ina ma ta mare shi a ranar, ta fasa masa baki da hannunta, da yanzu yana nan yana jinya.

Daga ranar suka ɓuya a gidan innarta. Ba mai buɗe ƙofa a garin nan, ko uwarka ce ke kira, kowa ya san wannan. Rana tsaka, burodi da zaitun a faranti, Nadim na barci. Sai ƙofa — ƙwas-ƙwas. Shiru. Ƙwas-ƙwas. Fuskarsa ta washe. "Wani sarki ne ya zo, Shafiƙ ne," ya tashi da loma a baki. Mutum uku ne a duniya ke buga katako haka: ita, shi, da wannan da ke zaune gabanta yana karanta maganar Allah da muryar ladabi.

Gindin bindiga a goshi. Ƙarar kansa a kan matakala, mataki bayan mataki, yaran Sarkin Unguwa na jan sa ta ƙafa. Takalminsa ɗaya… Kuma can ƙasa, a bakin mota, rigar sanyin nan. Wannan rigar. Ta gan ta da idonta.

"Maman Nadim, kina tare da ni?"

"Karanta."

Karanta, ɗan'uwan mijina na ƙarya, wanda ya ci a tukunyata, wanda ya riƙe Nadim ranar baftisma. Karanta. A juji aka sami Tanyus, bakin teku, ƙwari sun riga kowa. Da mai wankan gawa ya buɗe bakin — dalma. Baƙaƙen dalma na inji, an cusa masa har maƙogwaro, haƙora sun farfashe. Manyan baƙaƙe zalla. Wani ya tsaya ya zaɓa! Wa ya nuna musu akwatin da ake ajiye manya? Mai sayar da taya ya san babba da ƙarami ne?

Tana tsanarsa. Tsana mai ɗumi, mai daɗi, ita kaɗai ce abincin da ke zama a cikinta. Za ta soka, ta murɗa, ta bar shi ya zuba a kan shafin, a kai wa kwamiti haka, su daidaita. Sai kuma me? Su zo su ɗauke ta. Nadim fa? Innarta ta tsufa… A'a, kar ta tuna Nadim yanzu. Aya mai zuwa. In ya sake bugawa don Hirudus, shi ke nan.

Sa'ad da Sarki Hirudus ya ji wannan —

Ƙasa ta girgiza. Bam, ba nisa, wajen tashar jiragen ruwa. Farar ƙasa ta zubo daga rufi, takardu suka sulale za su faɗi, Shafiƙ ya kai hannu biyu ya tare. Biyu. Na daman ya fito daga aljihun riga.

Wannan hannu ne? Yatsun sun karkace kowanne ya kama gabansa, sun kumbura, sun yi baƙi. Babu farce ko ɗaya. Babban yatsan ma babu shi, sai ɗinki. Ya bi idonta, ya yi sauri ya mayar da shi aljihu kamar wanda aka kama da sata. Ya busa ƙurar da ke kan takarda.

Tun safe da hagu yake bugawa, ba ta lura ba. Wuya take kallo.

Ɗaya bayan ɗaya suka bi, ke nan. Sun tambaye shi inda Tanyus ya ɓuya, ya ƙi. Suka kama na gaba… A kan wanne ya ce to? Na tsakiya? Ko sai da suka ɗauko wuƙa? Ya kai su, wannan ba ta canja ba, ya kai su har ƙofa, Tanyus na cikin ƙasa da karyayyun haƙora. Amma ita fa? Da ita suka kama a shingen — ita da ko allura ba ta so — yatsa nawa Tanyus zai ci a hannunta?

"Mu ci gaba?" Ya jawo takardar da hagu.

Wuƙar na nan, ta yi zafi a tafinta, ta yi nauyi, kuma ba ta san wuyan wa za ta kai ta ba… Ƙarƙashin gyale yatsunta biyar ne, lafiyayyu, ba wanda ya taɓa tambayarsu komai.