Ranar da Janaretan Gladys Ya Ƙone

Gladys tela ce, shagonta yana bayan kasuwar Zuru. Shekara da shekaru da keken ƙafa take ɗinki. Mace ta kawo atamfa, a auna ta, a yi hira, a ce mata ta dawo bayan mako biyu, ta tafi ba ƙorafi. Da la'asar Gladys takan rufe shago ta tafi coci koyon waƙa na Zumuntar Mata, ranar Asabar kuma ta taka zuwa Dabai wurin mahaifiyarta, Larai.

Da mijinta Francis ya yi ritaya daga aikin soja ya dawo gida, abin da ya fara lura da shi ƙafafunta ne. Kullum da yamma a kumbure suke. Bai yi shawara da ita ba, ya sa aka ɗaura wa keken ƙaramin inji mai aiki da lantarki, ya haɗa mata da janareta saboda wutar garin ba ta da tabbas.

"Abin da kike yi a wuni, yanzu kafin rana ta take kin gama," in ji shi. "Sai ki huta."

Bai yi ƙarya ba. Rigar da take cin wuni ta koma aikin hantsi ɗaya. Labari ya bazu cewa wurin Gladys ba a jira. Masu ankon biki suka zo, makarantu suka kawo kayan ɗalibai, matan Musulmi suka riƙa kawo ɗinkin Sallah tun kafin azumi. Ba wanda ya ƙara yarda da mako biyu. Kowa gobe yake so.

Shekarar da layin waya ya iso garin, Francis ya sayo mata ƙaramar salula don kada mutane su riƙa zuwa suna tsayar da ita da tambaya. Suka daina zuwa, suka koma kira. Tana cin tuwo a kira, tana cikin sujada wayar ta yi ta rawa a jaka. Daga baya ya sayi babur, ya ce Dabai ta zama nan da nan. Babur ɗin ya fi sanin hanyar Ribah, inda Francis yake kai wa wani shagon tufafi ɗinki.

Koyon waƙa ta fara bari. Zuwa Dabai ya koma wata-wata, daga nan ya koma sai an ga hali. Larai takan aiko da gaisuwa ta bakin matan da ke zuwa kasuwa, Gladys ta ce su gaya mata bayan Kirsimeti. In Kirsimeti ta wuce ta ce bayan Ista.

Wata safiya cikin kaka, janaretan ya yi ƙara, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya mutu. Mai gyara ya buɗe shi ya ce abin da ya ƙone babu shi a Zuru, sai an aika Kontagora. Wutar gari kuma ta kwana biyu ba ta zo ba. Gladys ta tuna da matakin ƙafa na keken, sai ta tuna ta bai wa Hannah, wadda ta koyi ɗinki a wurinta, lokacin da ta yi aure ta koma Sakaba. Kafin azahar wayar ma ta mutu.

Ta share shago. Ta jera zare. Ta zauna a bakin ƙofa tana kallon masu wucewa, hannunta yana ta lalube a cinya kamar tana gyara yadi. Da ta ga zaman ya ishe ta, ta rufe shagon ta kama hanyar Dabai.

Ta tarar da Larai tana ɗora ƙaton kwano na jiƙaƙƙiyar dawa a kai. Tsohuwar ta tsaya tana kallonta.

"Lafiya? Wa ya mutu?"

"Janareta ne, Mama."

"To, Allah ya ba ki haƙuri. Ɗauki wancan bokitin, mu tafi, kada layi ya yi tsawo."

A hanya Gladys ta ji yadda abin yake. Tun da aka kawo injin niƙa unguwar, Larai ta daina daka. Da ta ga niƙa ba ya cin lokaci, ta fara dama kunu tana kaiwa bakin makarantar firamare. Malamai suka saba, masu babur suka saba. Yanzu kullum ne, har Asabar.

A wurin niƙa suka tsaya kafaɗa da kafaɗa cikin layi. Ƙarar injin ba ta barin magana. Gladys ta tambayi lafiyar gwiwarta, Larai ta nuna kunnenta ta girgiza kai.

Sai da suka dawo gida suka sa tukunya a wuta sannan suka samu zama. Nan Gladys ta ga rigar da ke jikin mahaifiyarta ta yage a hammata, an kama ta da fil.

"Mama, wannan fa?"

"Idona ba ya ganin kafar allura yanzu. Na so in aiko miki, aka ce aiki ya yi miki yawa."

Gladys ta ce ta cire. Ta nemo allura da zare a ɗaki, ta zauna a kan turmin da aka kife ta fara ɗinki da hannu. Larai tana juya kunu tana ba ta labarin wanda ya haihu da wanda ya sayar da gona. Gladys ba ta san rabin sunayen ba.

Ba ta kai tsakiyar yagewar ba suka ji babur a ƙofar gida. Francis ne. Ya durƙusa ya gaida surukarsa, sannan ya juya wurin matarsa.

"An dace. Mai gyara ya samu abin a jikin wani tsohon janareta. Yana aiki yanzu haka. Matan anko suna bakin shago, sun ce bikin jibi ne."

Gladys ta dubi rigar a hannunta. Ta naɗe ta da allurar a jiki ta sa a jaka.

"A keke ba za ta ɗauki komai ba, Mama. Gobe zan aiko miki."

"Ba laifi," in ji Larai, ba ta ɗago daga tukunyar ba. "Ki gaida yara."

Rigar ta zauna a kan ƙusa a shagon, bayan kayan anko, sannan bayan kayan Kirsimeti. Sai gab da faɗuwar damina Gladys ta ci karo da ita tana neman almakashi. Ta ɗinke ta nan take, Francis ya kai Dabai. Ya dawo ya ce tsohuwa ta gode, amma ta ce hannun ya ɗan matse ta. Gladys tana auna kafaɗar wata mata, ta ce ya karɓo in ya sake bi ta can.