Kalmar Sirrin Malam Abdulkabir

"Wa ya cire fulogin nan?"

Malama Juwairiyya tana tsaye a tsakiyar shagon maƙwabcinta, Malam Abdulkabir, tana kallon soket ɗin da ke jikin bango. Wayoyin hannu huɗu ne a jere a ƙasa suna shan caji. Kwamfutar da ke kan tebur kuwa, wadda shekara uku ba a taɓa jin fankarta ta tsaya ba, ta yi tsit.

Nababa, yayan Malam Abdulkabir, ya leƙo daga zaure da carbi a hannu. "Ni ne. Baƙi sun zo dubiya daga Gezawa, wayoyinsu sun mutu. Kwana biyu hadari ya hana sola aiki, batirin ba ƙarfi. Sai na ga wannan abin yana ta gurnani shi kaɗai, ba mai kallonsa."

"Baba, makarantu goma sha ɗaya ne ke kallonsa."

"A ina? Ni dai ban ga kowa a ɗakin nan ba."

Ta mayar da fulogin, ta danna maɓallin kunnawa. Fanka ta tashi, allon ya yi baƙi, sannan layi ɗaya ya fito da farin rubutu yana neman kalmar sirri. Ta tsaya tana kallonsa. Duk aikin da ta yi da wannan kwamfuta, a kunne take samunta. Ba ta taɓa sanin cewa idan ta mutu, sai da kalma take tashi ba.

Malam Abdulkabir ɗan ƙauyen ne, Gidan Marke, tsakanin gonakin gero da ke arewa da Ɗambatta. Ya yi makarantar kimiyya a Dawakin Tofa, ya yi aiki a birni shekaru, sannan ya dawo gida yana noma yana koyarwa a Islamiyya. Shi ne ya ga wahalar da malamai ke sha wajen rubuta Hausa da Larabci da ajami a takarda ɗaya, sai ya zauna ya haɗa manhaja, ya sa mata suna Zayyana. Ba a sauke ta a waya. Malami zai buɗe burauza ne kawai ya shiga ta intanet, ya rubuta inda kowane yaro ya kai a hadda, ya buga takardar shaida da ƙ da ɗ da ɓ ɗinsu daidai. Duk abin da aka rubuta kuma a wannan tsohuwar kwamfuta yake zama, a shagonsa, ƙarƙashin kwanon da ke yoyo ta kusurwa ɗaya.

Ya bar manhajar a buɗe, kowa na iya ɗauka. Ya sha faɗa a zauren WhatsApp na malamai: "Jama'a, kyauta ce. Kowace makaranta ta samu kwamfuta ta ɗora tata, zan nuna muku. Kada ku dogara da ɗaki ɗaya." Sai a yi ta turo masa addu'a, Allah ya saka da alheri, ba wanda ya ɗora. Har ita Juwairiyya, da take amsa tambayoyin malamai a madadinsa tun da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, sau biyu yana ce mata ta zo ya koya mata yadda ake kwafe komai a ajiye. Sau biyun tana cewa sai bayan jarrabawa.

Wayarta ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Malam Sha'aban, shugaban babbar makarantar cikinsu.

"Salamu alaikum, Malama. Zayyana ta ƙi buɗewa tun hantsi. Na kashe data na kunna, na kashe na kunna. Kin san dai sauka saura kwana goma sha uku, yara sittin da uku, kuma sunayensu da izunsu duk suna ciki. Mu mun daina rajistar takarda tun bara. A taimaka."

Ta gyara hijabinta ta shiga cikin gida.

Malam Abdulkabir yana kwance a kan katifa a ɗakinsa, ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana sheƙi. Matarsa Barira tana gefe tana yi masa fifita. Juwairiyya ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Sannu, Malam. Ya jiki?"

"Alhamdu lillahi." Ya ɗan juyo da kai. "Malama, ɗazu na daina jin fankar. An ɗauki lokaci."

"An ɗan kashe ta ne, Malam. Na kunna."

Ya lumshe ido. Ta ga ya gane, ba sai ta ƙara komai ba.

"To a ba ni takarda da biro," in ji shi.

"Subhanallahi!" Nababa ne, ya biyo bayanta ba ta sani ba. "Wace takarda kuma? Wasiyya za ka yi mana? Bar wannan magana, Abdu. Kai da za ka tashi ka buɗe abinka da hannunka. Yau fa har kunu ka sha."

"Yaya, abu ne ƙarami..."

"In ƙarami ne zai jira. Kwanta ka huta."

Malam Abdulkabir ya buɗe baki, ya dubi yayansa, ya dubi matarsa, sai ya mayar da kai kan matashi. Bai saba yi wa Nababa musu ba tun suna yara, ba kuma yau zai fara ba.

A zaure Nababa ya tare ta, ya sassauta murya. "Malama, ke mai ilimi ce. Ana zuwa dubiya da alƙalami? Mutum yana fama da kansa, ki zo kina karɓar makullansa tun yana numfashi? Me kike so ya ɗauka a ransa?"

"Baba, ba haka nake nufi ba."

"Na sani. Shi ya sa na faɗa miki a nan, ba a gabansa ba."

Ta koma gida. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta san Nababa ba mugunta yake yi ba. Shi ne ke ɗaukar ƙanen nasa ya kai shi bayan gida, shi ke kwana a ƙofar ɗakin. Kuma ita kanta, da a ce nata ɗan'uwan ne a kwance, ba ta da tabbacin za ta bari a miƙa masa biro.

Washegari saƙonni suka yi ta shigowa. Wani ya ce ko a kai wa masu gyaran waya a kasuwar Ɗambatta. Wani ya ce ai ya ji an ce manhajar a buɗe take, to me ya kulle ta? Ta zauna ta rubuta amsa a tsanake, kamar yadda take yi wa 'yan aji uku bayani: manhajar a buɗe take, kowa na iya ɗauka ya ɗora sabuwa, amma sabuwar fayau za ta zo, ba sunan yaro ko ɗaya. Sunayen suna cikin kwamfutar Malam. Da ta gama, wani ya turo: "To a ɗora sabuwar mana." Ta kife wayar a kan tabarma.

Ranar Laraba ta ɓoye biro da 'yar takarda a cikin hijabi, ta jira Nababa ya tafi masallaci sallar azahar, ta shiga. Ta tarar da Malam yana barci, numfashinsa yana fita da nauyi. Barira ta ce, "In tashe shi?" Juwairiyya ta dubi fuskarsa, ta ga kwana nawa ke nan bai samu barci irin wannan ba. Ta ce, "A'a, Yaya Barira. Gobe." Washegari kuma ya kasa gane mutane sai jifa-jifa.

Ranar Juma'a da hantsi tana tsakar gidanta tana tsinke zogale, sai ta ji salati ya tashi ta kan katanga, muryar Barira a ƙasa-ƙasa, sannan kukan Rumaisa, babbar 'yarsu. Ta ajiye faifan. Ta ɗauki hijabinta ta zagaya gidan.

Bayan an sauko daga masallaci aka yi masa salla. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, masu haƙa ba su sha wuya ba. Malaman makarantun nan goma sha ɗaya duk sun zo, babura sun cika ƙofar gida har bakin gona. Kowa yana faɗin alherin mamaci. Da yamma Malam Sha'aban ya turo mata ta'aziyya mai tsawo, da addu'o'i, a ƙarshe ya ƙara layi ɗaya: "Amma batun Zayyana fa, ko ya bar wani bayani?"

Bayan sadakar uku ta je shagon, ta tarar da sabon kwaɗo a ƙofa.

"Kayan marayu ne yanzu," in ji Nababa. Idanunsa sun yi ja, rigarsa ta yi masa yawa a kwana uku. "Ba mai taɓa ko tsinke sai an raba gado."

"Baba, kwamfutar ta marayu ce, na yarda. Amma abin da ke cikinta karatun 'ya'yan mutane ne. Shi da bakinsa ya ce waƙafi ya yi."

"Ya rubuta?"

Maganar ta zo mata har baki: takardar da ya nema ai kai ka hana. Ta haɗiye. Ta ce, "Allah ya ji ƙansa, Baba," ta juya.

Kwana biyu ta yi tana bin malamai a waya, tana rubuta sunayen masu sauka a littafi daga abin da suka iya tunawa. Ta samu arba'in da ɗaya. A cikinsu ma akwai Fadima uku da ba a san wacce ta kammala ba, wacce kuma saura mata izu biyu. Wani uba ya zo har gida yana tambaya ko gaskiya ne an ce sunan 'yarsa ya ɓata a inji, alhali ya riga ya gayyaci dangi daga Bichi. Ta ba shi haƙuri.

Ranar Laraba, saura kwana huɗu, maza sun tafi gona da hantsi, sai ta ji an ƙwanƙwasa katanga.

"Malama, kina ciki? Zagayo."

Barira tana tsaye a zaure cikin hijabi mai duhu, ba kwalli, ba ɗan kunne, da makulli a tafin hannunta.

"Na ce wa Yaya zan ɗauko Alƙur'anin Malam. Mai takaba ba a yi mata musu." Ta buɗe kwaɗon suka shiga. "Ranar Alhamis ya ɗan farfaɗo bayan la'asar. Ya ba ni saƙo gare ki. Ban samu kaina ba sai yau, ki yafe ni."

Juwairiyya ta ƙarasa bakin tebur. Ta kunna kwamfutar, ta ja kujera, ta ɗora yatsu a kan maɓallan. "Ba komai, Yaya Barira. Faɗa mini."

"Cewa ya yi, ki ce wa Malama sunan yaron nan ne."

"Wane yaro?"

Barira ta sunkuyar da kai.

"Yaya Barira, yara ɗari huɗu ne a cikin injin nan. Wanne?"

"Ba na makaranta ba." Ta murza bakin hijabinta. "Namu. Na fari. Kafin Rumaisa. Kwanansa tara a duniya, ba ki zo garin nan ba tukuna."

Juwairiyya ta janye hannunta. Shekara shida tana jin Barira tana kiran Rumaisa da sunanta gatsal, ta ɗauka zamani ne ya sa ta daina alkunyar ɗan fari. Ashe akwai wanda ake yi wa alkunyar.

"To... sunansa?" ta tambaya a hankali.

"Haba, Malama." Barira ta yi wani ɗan murmushi, hawaye na bin kumatunta. "Shekara goma sha bakwai bai taɓa fita daga bakina ba. Shi ma Malam ban taɓa jin ya faɗa ba, ko sau ɗaya. Ranar ma cewa ya yi yaron nan."

"Sai in tambayi Baba Nababa."

"A'a. Sai ya ce a ina kika ji, a yi ta yawo da shi a bakin mutane? Tashi."

"Na'am?"

"Tashi in zauna. Na yi aji shida, na san baƙaƙen. Nuna mini dai inda ake sawa."

Juwairiyya ta tashi. Barira ta zauna a bakin kujerar, can gaba-gaba, kamar baƙuwa. Ba ta taɓa zama a kanta ba. Ta goge tafin hannunta a zane, ta miƙa yatsa ɗaya tana neman harafin farko.

Juwairiyya ta juya ta fuskanci taga. A waje gero ya kai ƙugu, iska tana kwantar da shi tana tayarwa. Ta ji an danna ɗaya. Shiru. An danna na biyu, na uku, na huɗu. Daga nan aka daɗe, har ta yi zaton an fasa. Sannan uku suka biyo a jere.

"Sai kuma me?" in ji Barira, muryarta a dishe.

"Babban nan na hannun dama. Danna shi."

Ta danna. Baƙin allon ya ɗan tsaya, sai rubutu ya fara gudu daga ƙasa zuwa sama. Can wayar Juwairiyya ta fara ƙara a cikin hijabi, saƙo bayan saƙo. Ba ta ciro ta ba.

Barira tana nan zaune a bakin kujerar, hasken allon a fuskarta, yatsanta ya koma kan harafin farko ya kwanta, ba ta danna ba, ba ta kuma ɗauke ba.