Sitiyarin Yaya

Ranar da wasan ya daina buɗewa, Injiniya yana wurin aiki, a siton kamfanin fenti, yana tsaye kan masu lodin bokitai. Matar yayansa ce ta kira shi.

"Injiniya, motar yayanka ta ƙi tashi," ta ce. "Tun safe yake danne-danne, wani rubutu kawai ke fitowa. Ko karyawa ya ƙi yi. Don Allah in ka tashi ka biyo ta nan."

Shi ba injiniya ba ne, ko ƙofar makarantarsu bai taɓa takawa ba. Sunan ya bi shi tun yana yaro, ranar da ya kwance rediyon mahaifinsu ya mayar, kusoshi suka rage masa a hannu, rediyon kuma ya ci gaba da magana. Har ya girma ya yi iyali halin bai sake shi ba. A gidansa akwai wani ɗan ɗaki da ya cika da tsofaffin na'urorin gem, waɗanda mutane suka yar, shi kuma ya tsinta ya farfaɗo da su, da teburin da yake ajiye ƙarfen narka dalma da mitar gwada wuta. A nan hutunsa na ƙarshen mako yake ƙarewa.

Yaya kuwa direban tirela ne, tun ƙuruciya yake kan titi, har bara da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi a wurin lodi. Hannun dama da ƙafar dama suka mutu rabi, baki ya karkace, magana sai da ƙyar. Mutumin da ba ya kwana biyu a gari ɗaya ya koma zaman kujera yana kallon bango. Ganin haka Injiniya ya sayi wani wasan tuƙin tirela, ya biya kuɗinsa cif. Ya harhaɗa kwamfuta daga tarkacen da yake da su, ya samo sitiyarin gaske wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, ya ɗaure shi a tebur, ya mayar da totur da birki ɓangaren ƙafar hagu. Da farko Yaya ya harari abin, wai an mai da shi yaro. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi yana kiran matarsa da hannu ta kunna masa. Daga nan kullum in ya karya sai ya hau hanya. Ma'aikaciyar da ke yi masa gashin ƙashi a asibiti ta ce ko mene ne yake yi a gida ya ci gaba, domin yatsun sun fara kamawa.

Da Injiniya ya iso da yamma, ya tarar da Yaya zaune gaban allon, hannunsa mai lafiya a kan sitiyari. Ya sunkuya ya karanta rubutun. Kamfanin da ya yi wasan ya rufe wannan tsohon, ya fito da sabo, duk mai son ci gaba sai ya sayi sabon.

"Ƙaramin abu ne, Yaya," ya ce. "Gobe za ka tuƙa."

Da ya duba farashin sai da ya nemi wuri ya zauna. Wasan kaɗai ya kusa cinye rabin albashinsa. Sabon kuma ba zai tashi a wannan kwamfutar ba, sai an sa mata katin hoto mai ƙarfi, wato sashen da ke zana abin da ake gani a allo, shi kuwa ko na hannu ya fi albashin gaba ɗaya. Ga shi tsakiyar wata, abin da ya saura na makarantar yara ne da cefane.

Ya rubuta wa kamfanin cewa shi ya saya ya biya, ta yaya za a shigo har ɗakin marar lafiya a ɗauke abin da aka sayar masa? Amsa ta zo da ladabi mai ƙona rai. Wai abin da ya saya izinin yin wasa ne, ba wasan kansa ba, izinin kuma ya ƙare. A ƙasa suka gode masa da kasancewa tare da su.

Sai ya yi abin da ya san bai kamata ba. Ya shiga irin shafukan da ake raba wasanni na sata, ya ƙona data ya sauko da wani da aka ce tsohon ne, an cire masa makulli. Yana buɗewa allon ya yi baƙi. Bairos, cutar kwamfuta, ya cinye komai da ke cikin kwamfutar, har da ajiyar Yaya: jar tirelar da ya zaɓa da kansa, da duk hanyoyin da ya buɗe cikin watannin nan. Injiniya ya wanke kwamfutar tas, ya dawo da ita fanko kamar ranar da ya haɗa ta.

Sati bai cika ba Yaya ya koma inda aka ɗauko shi. Abinci sai an yi da gaske yake cin loma biyu. Ranar zuwa gashi ya riƙe hannun kujera ya ƙi tashi. Yatsun da suka fara buɗewa suka sake dunƙulewa. Da Injiniya ya zo ya durƙusa yana ba shi haƙuri, Yaya ya sa ƙafar hagu ya ture teburin, sitiyarin ya karkace, ya juya fuskarsa bango.

Matar Yaya ta bi Injiniya har bakin ƙofa. Ita ce mai tsokanarsa kullum tana ce masa mijinta na biyu, amma ranar babu wasa a fuskarta.

"Da ka san za a ƙwace, da ba ka koya masa ba," ta ce, tana share ido da gefen mayafi. "Wallahi gara lokacin da bai san da abin ba. Jiya na ji shi yana kuka a banɗaki. Yayanka fa, kuka! Ni ban san me zan yi ba, Injiniya. In ya ci gaba a haka rasa shi za mu yi."

Washegari Injiniya ya ɗauki izini a wurin aiki, ya kwashe na'urorin gem ɗinsa kaf a cikin kwalaye, ya kai su shagon wani da ake kira Mai Gilashi, wanda ke saye da sayar da irin waɗannan kaya a kasuwar wayoyi. A hanya yana ta ƙarfafa kansa, domin ya sha gani a intanet yadda masu tara tsofaffin na'urori ke zuba kuɗi a kansu.

Mai Gilashi ya ɗauki ɗaya ya juya, ya leƙa bayanta, ya taɓe baki.

"Wa ya buɗe wannan?"

"Ni ne. A mace na same ta. Yanzu kunna ka gani, lafiya lau take."

"To ai nan ka kashe ta, malam. Masu biyan kuɗin da kake gani, wadda ba a taɓa ba suke nema, a cikin kwalinta, ko da ba ta aiki. Kai ka canza mata ciki. Wannan sai dai yara su yi wasa da ita."

"Ai don wasa aka yi ta!"

"Ni dai ga abin da zan iya." Ya faɗi wani kuɗi da ko wasan kaɗai ba zai saya ba.

Injiniya ya matso kusa da kanta. Ya roƙa, ya ba da labarin Yaya a gaban mutane, bai damu ba. Mai Gilashi ya saurara, ya gyara gilashinsa, sannan ya ce, "Ina da katin hoto na hannu da zai ɗauki wasan, in ba a matsa masa ba. Amma kayan nan ba su kai ba. Wanda ya yi gyaran nan yana da kayan aiki masu kyau. Kawo su, mu rufe magana."

Ya koma gida ya tattaro ƙarfen dalma da mita da duk ƙananan sukundirebobinsa. Ɗakin ya zama wayam, sai tebur da alamar inda kaya suka daɗe. Bai tsaya kallo ba.

Ya sa katin, ya biya kuɗin sabon wasan da abin da ya ware na makarantar yara da cefane, ya jira ya sauka. Wasan ya tashi, amma ya ƙi sanin sitiyarin. Ya juya hagu, ya juya dama, tirelar da ke allo ko motsi. Ya bincika ya gano sai an sauya haɗin wayoyi a ɗan allon lantarkin da ke ƙarƙashin sitiyarin, aikin da da zai gama kafin shayi ya huce. Ya miƙa hannu inda ya saba ajiye jakar kayan aikinsa, babu komai. Ya daɗe a tsugune a ƙarƙashin teburin don kada Yaya ya ga fuskarsa.

Haka ya sake komawa shagon da ɗan allon a aljihu, ya roƙi aron ƙarfen da jiya nasa ne. Mai Gilashi ya yarda, da sharaɗin ya gyara masa wasu hannuwan gem, irin waɗanda ake riƙewa ana danna wasa, da suka lalace. A tsaye ya yi aikin, a gefen kanta, masu wucewa na bangazarsa.

Ranar Asabar da hantsi ya juyo da kujerar Yaya zuwa teburin. Yaya ya ƙi kallo. Injiniya ya tayar da injin, ƙarar ta cika ɗakin, ya danna hon. Sai da aka jima sannan Yaya ya waiwayo. Hoton yana ɗan sarƙewa, tirelar fara ce ba ja ba, hanyar ma baƙuwa ce. Ya ɗora hannun hagu a sitiyari. Matarsa ta ɗago na daman ta ɗora masa, yatsun suka zame, ta sake ɗorawa. Ya taka totur.

Ya fita daga garejin lodi, ya bi ta cikin gari, ya hau babbar hanya. Injiniya na tsaye a bayansa. Yaya ya fara gyara zama, yana duba madubi kamar yadda ya saba. Ba su yi nisa ba sai ga shinge ya tare titin daga gefe zuwa gefe. Ya taka birki. Rubutu ya fito, da farashi a ƙarƙashinsa. Duk hanyoyin da ke bayan shingen nan daban ake sayar da su, kowane yanki da kuɗinsa.

Injiniya ya sunkuya ya karanta farashin. Babu sauran abin da zai kai kasuwa.

"Me suka ce kuma?" matar Yaya ta tambaya.

"Wai sai an biya a wuce," ya ce. "Yaya, ka yi haƙuri. Wallahi ban sani ba. In an yi albashi..."

Yaya ya ɗaga masa hannu, alamar ya yi shiru. Ya daɗe yana kallon shingen. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza, har matar ta matso a tsorace, ashe dariya yake, dariyar baki karkatacce, hawaye na zubo masa.

"Har... a nan ma?" ya ce da ƙyar.

Ya sa ribas. Titin ƙunci gare shi, ga doguwar tirela, ga rami a gefe. Ya karya sitiyarin da hagu, na daman yana tokare da shi yana rawa, ya ja baya, ya yi gaba, ya sake ja baya. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Bayan motar ya gogi ƙarfen gefen titi, amma ya juya ta, ya miƙe hanyar komawa gari.

Da ya isa garejin bai kashe injin ba. Ya sake juyowa ya nufi shingen. Matarsa ta fita da sauri ta ɗumamo abinci, ta ajiye a inda hannunsa zai kai. Injiniya ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango, yana lissafin yadda zai gaya wa matarsa cewa albashin watan gobe ma ya riga ya sami mai shi.