Sunan da Hajiya Tabawa Ba Ta Faɗa

Duk Zongon Kwatano an san Kilishin Gado, amma matar Gado, Hajiya Tabawa, ba ta taɓa furta sunan ba. Yana raye Malam take ce masa, da ya rasu ya koma "mai gidan nan". Kunya ce irin ta mutanen da, ita kuwa a cikinta ta tashi.

'Yarta Labiba ce ta buɗe wa kilishin shafi a intanet da sunan uban nata, har daga Lome ake aikowa a saya. Ta sha gaya mata, "Inna, adireshin nan haya ne kawai, kamar rumfa a kasuwar Tokpa. Sai mun je buro, ofishin gwamnati, an yi wa sunan rajista zai zama namu."

"A kai sunan mamaci a danna masa hatimi kamar buhun shinkafa? Ke dai ba ki da ta-ido."

To, rannan Labiba ba ta nan, sai ga Mansir, ɗan ƙanen marigayin. Ya durƙusa ya gaishe ta, waya a hannu.

"Inna, sunan nan na jikin leda, naki ne?"

Tabawa ta ja mayafi ta rufe baki. Wace mace ce za ta dubi ɗan miji ta ce sunan miji nata ne?

"Ni ina ni ina shi? Na masu shi ne."

Ya yi ta godiya. Baiwar Allah har kilishi ta ƙunsa masa.

Ba a daɗe ba Wassiou, mai zemijan, wato ɗan acaɓan da ke kai musu kaya, ya faɗo gidan ko sallama babu, ya dire leda a tabarma.

"Maman, a unguwar Jonquet na saya. 'Yata tun jiya take amai, ko ruwa ba ya zama."

Leda irin tasu, suna nasu, naman ciki kuwa ya yi funfuna. Tabawa ta shinshina. Wannan ba aikin hannunta ba ne. Amma wa zai tsaya tambayar hannu? In yarinyar nan ta mutu, sunan wa za a kira a ƙofar masallaci? Na mutumin da bai taɓa sayar da naman jiya ba.

Labiba ta duba waya, ta ga wani sabon shafi da sunan, lambar Mansir a ƙasa. Ta kira shi ta buɗe murya.

"Ai Inna da bakinta ta ce ba nata ba ne," in ji shi, har da dariya. "Na ɗauki maganar, tana cikin wayata. Ni ma jinin gidan ne. In na riga ku zuwa buro, ku za ku sauke naku."

Tabawa ta jawo mayafinta. Labiba ta sa mata takalmi suka nufi unguwar Houéyiho, wurin wani avoka, wato lauya, Ridwane.

Ya saurare su ya girgiza kai. "Muryar nan da Mansir ya ɗauka za ta ba mu wahala. Maman, ke ce mai sana'a, daga bakinki zan ji. Wane suna ne, kuma na wa?"

Labiba ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

Tabawa ta dubi ƙofa, ta dubi ƙasa. Ji take kamar Malam na tsaye a kanta.

"Gado," ta ce, da wata murya da ita kanta ba ta sani ba. "Mijina ne. Sunan nawa ne."

"Yawwa. Yau za mu shigar da takardar rajista. Ko ya riga mu, ban sani ba tukuna. In aka kira ku, a gaban Mansir za ki maimaita."

"A gaban mutane?"

"A gaban kowa, Maman. Da ƙarfi."

Ta damƙe hannun Labiba.

"To," ta ce. "Shigar."